Finlan: Dajin da yara ke jan jirgin fito da hannunsu

A wannan mako mun yi nisan kiwo. Za mu kai ku arewacin Turai, ƙasar Finlan, mu bi wasu turbobi na ƙafa da aka tanada domin iyali su shiga daji tare, daga kaka har jikan da ake goyo.

Bari mu fara da wani ɗan jirgin fito da ke gandun dajin Repovesi, a kudu maso gabashin ƙasar. Jirgin ba shi da inji, ba shi da matuƙi, babu kuma mai karɓar kuɗi. Dandamali ne na katako da ke shawagi a kan ruwa, an ratsa igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Idan kun iso kuka tarar yana tsallake, sai ku jawo shi. Ku shiga, ku kama igiya ku yi ta ja har ku ƙetare. Sunansa Ketunlossi, wato jirgin fiton yanyawa, domin wata dabba mai jan gashi, dangin dila da yanyawa, ita ce tambarin gandun. Yawanci iyaye kan ja da baya su bar wa yara aikin. Yaron da ya yi ta ƙorafin gajiya tun daga tashar mota, da ya riƙe igiyar nan sai ka ga gajiya ta bi ruwa.

Jirgin yana kan wata turba mai zagaye da ake kira Ketunlenkki. 'Yan kilomitoci ne kawai, iyali kan gama ta cikin awa biyu ko uku har da hutu. A ɗaya ɓangaren zagayen akwai gadar Lapinsalmi, mai tsawon kimanin mita 50, wadda ke sama da ruwa da kusan mita 10. A watan Yulin 2018 ɗaya daga cikin ƙarafan da ke riƙe da tsohuwar gadar ya karye alhali akwai mutane a kanta. Ba a rasa rai ba, amma an rufe wurin har sai da aka gina sabuwa. Mun kawo wannan ne tun da wuri don kada ku ɗauka cewa a can komai ba ya lalacewa. Yana lalacewa. Shi ya sa mai hankali kan duba sanarwar hukumar gandun a intanet kafin ya kwashi yara ya kama hanya.

Ina aka samo tafkuna haka?

Duk wanda ya buɗe taswirar Finlan zai ga gabashinta da tsakiyarta kamar tsumman da asu ya cinye: shuɗi a nan, kore a can, shuɗi kuma. An ƙirga tafkuna kusan 188,000 a ƙasar, kuma daji ya rufe kimanin kashi uku cikin huɗu na doron ƙasarta. Mutanen kuwa ba su kai miliyan 6 ba, wato ba su kai yawan mutanen Jihar Kano ba.

Masu darasin labarin ƙasa, ku matso kusa, wannan naku ne. Shekaru dubbai da suka wuce, wani makeken bargon ƙanƙara mai kaurin da ya haura kilomita biyu ya danne wannan yanki gaba ɗaya. Ƙanƙara mai irin wannan nauyi ba ta zama wuri ɗaya. Tana tafiya a hankali, tana kankare dutse, tana haƙa ramuka, tana tura yashi da tsakuwa a gabanta. Da ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, ruwa ya cika ramukan. Su ne tafkunan. In kuka lura da taswira za ku ga da yawansu dogaye ne, sun miƙe daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Hanyar da ƙanƙarar ta bi ke nan, ta bar sawunta.

A Punkaharju, kusa da garin Savonlinna, ana iya taka wannan darasi da ƙafa. Wani siririn tudu ne na yashi da tsakuwa mai tsawon kimanin kilomita 7, ya ratsa tsakiyar tafki, ruwa dama ruwa hagu. Kogin da ya gudana a ƙarƙashin ƙanƙara ne ya jibge shi. Tun a 1803 Sarkin Rasha Alekzanda na Ɗaya ya ba da umarnin a kare itatuwan da ke kansa. Turbobinsa shimfiɗaɗɗu ne, har da keken jariri ana bi, kuma akwai gidan tarihin daji mai suna Lusto a kusa. In iyali na da tsoho mai ciwon gwiwa, nan ya fi dacewa su fara.

Haƙƙin kowa

Abin da ya fi ba mu mamaki a lamarin nan wata tsohuwar al'ada ce da doka ta amince da ita, wadda suke kira haƙƙin kowa. A ƙarƙashinta, kowane mutum, ɗan ƙasa ko baƙo, yana iya shiga daji ya yi tafiya ko da dajin mallakar wani ne. Yana iya tsinkar 'ya'yan itatuwan daji da naman kaza, ya yi iyo a tafki, ya jefa fatsa, ya kafa tanti na dare ɗaya ko biyu, ba tare da ya nemi izini ko ya biya ko kwabo ba.

Sai dai haƙƙin yana da iyaka, kuma yaran can sun san iyakar kamar yadda kuka san sunan shugaban makarantarku. Ba a shiga farfajiyar gidan mutum. Ba a ratsa gonar da ke da shuka. Ba a sare itace mai rai ko a ɓare masa ɓawo. Ba a hura wuta a filin wani sai da yardarsa. Ba a damun tsuntsun da ke kwance a kan ƙwai. Ba a barin shara. A cikin gandun daji na ƙasa dokar ta fi tsauri: a wurare da dama ba a kafa tanti sai inda aka ware, kare kuma dole ya kasance a ɗaure.

Gandun daji na ƙasa guda 41 ne, kuma wata hukumar gwamnati mai suna Metsähallitus ce ke kula da su. Babu kuɗin shiga. Babu ma ƙofa. Kana sauka daga mota za ka tarar da allo ɗauke da taswira, an rubuta tsawon kowace turba da wahalarta. Daga nan sai ka bi alama: ɗigon fenti a jikin itatuwa, ja ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, kowace turba da launinta. Ga iyali masu ƙananan yara wannan ya zama wasa. A sa ƙaramin ya wuce gaba, aikinsa ya nemo ɗigo na gaba. Inda turba ta faɗa dausayi kuwa, an jera falankai biyu-biyu a kan laka, mutum ya bi a kai ɗaya bayan ɗaya. Falankan suna kare takalmi, amma ainihin dalilin sa su shi ne kare tsirran dausayin, waɗanda in aka tattake su sukan ɗauki shekaru kafin su farfaɗo.

Tsoho da Tsohuwa da Mugu

Idan aka tambayi mutumin Finlan wane wuri ne ya fi kama da hoton ƙasarsa da ke zuciyarsa, da wuya bai ambaci Koli ba. Tsaunuka ne a lardin Kareliya ta Arewa, a gaɓar yamma ta tafkin Pielinen, an mayar da su gandun daji na ƙasa a 1991. Ƙololuwa uku ne suka fi suna: Ukko-Koli, Akka-Koli da Paha-Koli. A harshensu Ukko tsoho ne, kuma sunan da mutanen dā suke kiran abin bautarsu na tsawa ke nan. Akka tsohuwa ce, Paha kuwa mugu.

Ukko-Koli ya fi sauran tsawo, mita 347 daga saman teku, mita 253 daga saman tafkin. Ba wani tsawo ne na a-zo-a-gani ba, Dutsen Shere na Filato ya ninka shi sau da yawa. Amma da yake ƙasar da ke kewaye shimfiɗaɗɗiya ce, wanda ya tsaya a kai yana hango tafkin ya miƙe har ƙarshen gani, tsibirai sun warwatsu a ciki kamar an watsa gero. Dutsen da ake tsayawa a kai fari ne, mai tsananin tauri, shekarunsa sun kusa biliyan 2. Taurin nan ne ya sa ƙanƙara ta kankare na kewaye ta bar shi tsaye.

Wannan hange yana da tarihi. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Finlan ke ƙarƙashin Rasha, masu zane da mawaƙa da masu ɗaukar hoto sun riƙa hawa Koli suna neman abin da za su nuna wa 'yan'uwansu su ce ga ƙasarmu. Eero Järnefelt ya zana wurin a 1899, zanen da har yau ake ji da shi. Shahararren mai tsara kiɗa Jean Sibelius ma ya hau. Ƙasar ta samu 'yancin kanta a 1917.

Turbar da ta haɗa ƙololuwan uku kilomita 1.4 ce kacal. Akwai ma wani keken hawa mai tafiya a kan dogo da ke ɗauko mutane daga inda ake ajiye motoci ya kai su kusa da sama. Amma kada gajartar ta ruɗe ku. Akwai matakala masu yawa, akwai saiwoyin da suka fito fili, dutsen yana santsi bayan ruwan sama, kuma a wurare da dama babu shinge tsakanin mutum da gangare. A ra'ayinmu wannan turba ta fi dacewa da sa'o'inku da ƙannenku na firamare. Mai shekara uku kuwa, hannunsa ya zauna a cikin na babba har a sauko. Masu ƙarfi a jika suna da tasu: zagayen Herajärvi, tafiyar kwanaki ce da jaka a baya.

Akwai abubuwa biyu a Koli da muka san za su sa ku murmushi. Na farko, har yanzu ma'aikatan gandun suna sassabe wani ɗan yanki su cinna masa wuta, su shuka hatsi a cikin toka, don kada a manta yadda kakanninsu suka yi noma. Abin da malamin aikin gona ke gargaɗinku a kai, a can ya koma kayan tarihi da ake zuwa kallo. Na biyu, kiwo. A lokacin zafi hukumar kan ba iyalai damar zama mako guda a tsohon gidan gona suna kula da tumaki: su ƙirga su kullum, su ba su ruwa, su duba shinge. Tumakin suna cinye ciyawa ne don kada daji ya haɗiye tsofaffin filayen. Dubban mutane ke nema, har sai an yi ƙuri'a, kuma wanda ya ci shi ne zai biya kuɗi. Ku da ake tasa da asuba ku kai awaki bayan gari, sai ku san cewa akwai inda ake layi a biya don a samu wannan aiki.

Wurin hura wuta

Kusan kowace turba ta iyali tana da zango. Yawanci rumfa ce ta gungume mai bango uku, buɗe ta gaba, tana fuskantar murhu. Suna kiranta laavu. A gefe akwai ɗakin itace, da gatari ko zarto a rataye, da masai na rami. Babu mai gadi, babu kwaɗo. Iyali su iso, a faskara itace, a ɗora baƙar buta, a gasa abin da aka zo da shi a kan tsinke. Ga yara da yawa wannan zama shi ne tafiyar, sauran duk hanya ce.

A nan ne kuma gizo ke saƙa. Tsarin gaba ɗaya ya rataya ne a kan amana. Kai itace tsakiyar daji yana cin kuɗi da wahala, wani wuri sai an jira ƙanƙara ta sauka a ja shi da babur ɗin kan ƙanƙara. In ayari ɗaya ya ƙone na mako guda a dare ɗaya don jin daɗi, wanda ya iso gobe da jiƙaƙƙun kaya da yara masu rawar sanyi zai tarar da wayam. Haka batun shara. A gandun daji da dama an ɗauke kwandunan shara da gangan. Abin da ka iya ɗaukowa cike, za ka iya mayar da shi fanko. Ziyarar da ake kai wa waɗannan gandaye ta haura miliyan 3 a shekara, kuma ta ƙaru sosai a lokacin annobar korona. Wuraren da suka fi farin jini sun fara nuna gajiya: turba tana faɗi, saiwa tana tonuwa, ana samun tabon wuta a kan dutse inda bai kamata ba.

Idan aka yi kwanaki babu ruwan sama, hukumar hasashen yanayi kan fitar da gargaɗin gobarar daji. Muddin gargaɗin yana aiki, an hana hura wuta a fili, ko da a murhun da aka tanada ne. Ranar nan sai a ci burodi da sanyinsa.

To namun daji fa? Akwai beyar, akwai kyarkeci, akwai wani ƙaton dangin barewa da ya fi doki tsawo. Sai dai duk suna gudun mutum, har mutum kan tsufa a ƙasar bai taɓa haɗuwa da beyar a daji ba. Maciji mai dafi iri ɗaya ne kawai, wata ƙaramar kububuwa mai zanen zarto a baya, maganinta takalmi mai rufe ƙafa. Waɗanda suka fi damun masu tattaki ƙanana ne. Sauro yana tashi kamar hayaƙi daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro, amma cizon yana nan daram. Kaska ta fi shi haɗari, domin tana iya sa cuta mai taɓa gaɓoɓi ko ƙwaƙwalwa. Don haka kowane dare iyaye kan duba jikin yara, bayan kunne da hammata da bayan gwiwa.

Yaron da ya ɓata kuma an koya masa abu ɗaya: ya tsaya inda yake. Kada ya yi ta gudu yana neman hanya. Ya zauna kusa da itace, ya yi kira ko ya busa usur. Lambar neman agaji 112 ce. A tsakiyar lokacin zafi masu nema suna da wani taimako da mu ba mu da shi, domin a ƙarshen Yuni rana kan yi kusan awa 20 a sama a wannan yanki, daren ma bai wuce duhun magariba ba. A Disamba lamarin ya juya, hasken bai fi na awa biyar ba.

Dabbar da ba ta da wani gida

Tafki mafi girma a ƙasar shi ne Saimaa, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 4,400, da tsibirai kusan 14,000. A tsakiyarsa akwai gandun Linnansaari, wanda aka kafa a 1956. Mota ba ta zuwa. A lokacin zafi ana shiga jirgin ruwa daga ƙauyen Oravi ko daga ɓangaren Rantasalmi, a sauka a babban tsibirin, a bi turba zuwa wani tsohon gidan gona ko a hau dutsen Linnavuori a hango ruwa.

Mafi yawan yaran da ke cikin jirgin nan idonsu na kan duwatsun bakin ruwa. Suna neman norppa. Dabbar ruwa ce mai shayarwa, mai zagayayyen kai da manyan idanu da gashin baki, fatarta baƙi-baƙi da zane kamar zobba. Wanda ya taɓa ganin hoton ayu zai iya kwatanta surar jikinta, ko da yake ba dangi ba ne kuma ita kifi take ci. Danginta a teku suke. Kakanninta sun maƙale a nan ne bayan narkewar ƙanƙara, lokacin da ƙasa ta ɗago ta raba tafkin da teku. Yau babu irinta a ko'ina a duniya sai a Saimaa.

Saura ƙiris ta ƙare. A dā masunta na ganin ta a matsayin ɓarauniyar kifi, har lada ake ba wanda ya kashe ta. An hana farautarta a 1955, amma a farkon shekarun 1980 waɗanda suka rage ba su kai 200 ba. Yanzu sun kai kusan 500. Ku kwatanta da makarantarku: wataƙila ɗaliban da ke taron safe sun fi duk norppar duniya yawa.

Abu biyu ke barazana gare ta. Na farko ragar kamun kifi. Ɗan norppa da aka yaye yakan bi kifi ya sarƙe a raga, kuma tunda da huhu yake numfashi, in bai samu fitowa sama ba sai ya nutse. Saboda haka an hana kafa raga a yankunan da take zaune daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Yuni. Masu kare dabbar na cewa a tsawaita hanin, wasu mazauna gaɓar kuma na cewa kamun kifi da raga gadonsu ne. Har yanzu ana wannan ja-in-ja.

Na biyu ya fi wuyar magani. Norppa tana haihuwa ne a Fabrairu zuwa Maris, a cikin kogon da ta haƙa a tarin dusar ƙanƙara da iska ta jibge a bakin tsibiri. Kogon ne ke kare jaririn daga sanyi da namun daji. Da duniya ke ɗumama, akan yi hunturun da dusar ba ta taru ba, sai uwa ta haihu a fili a kan ƙanƙara, inda jaririn ba ya da mafaka. Tun daga 2014, duk shekarar da dusar ta yi ƙaranci, ɗaruruwan 'yan sa-kai kan fita kan daskararren tafkin da shebur da abin tura dusa, su tara ta da hannu a inda masana suka nuna musu. A hunturun 2014 ɗin, mafi yawan jariran da aka haifa a cikin waɗannan tarin na hannu aka haife su. Yanzu kuma masu bincike na gwada wasu akwatuna masu shawagi a ruwa, saboda shekarar da ko dusar tarawa ba za a samu ba.

Wanda ke son ganinta ya je a watan Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da take hawa kan dutse ta kwanta tana sauya gashi. Ƙa'idar ita ce a rage gudun jirgi, a yi shiru, a kalle ta daga nesa da madubin hange. Idan ta ɗaga kai ta fara waige-waige, an matso da yawa, sai a ja da baya. Ku da ke nan gida, ƙungiyar WWF ta Finlan takan kafa kyamara a gaban ɗaya daga cikin duwatsun a wannan lokaci, ta watsa kai-tsaye a intanet da sunan Norppalive. Sai dai ku tanadi data da haƙuri, domin takan yi awa guda ba ta motsa ko da gashin baki ba.